Cigiyar Mai Sabis Marar Makulli

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da ba haka ya faru ba, ko in ɗora wa wani maganar da bai faɗa ba, a tsayar da ni a kanta ranar gobe. Ga kuma mutanen gidana, waɗanda da zarar na ɗauko zancen sai su fara kallon juna suna danne dariya. Amma shekaru suna tafiya, waɗanda suka zauna Samaru a wancan lokaci suna ta watsewa, shi ya sa na ga gara in rubuta tun ina da sauran idon gani. Inda na manta zan ce na manta.

Sana'ata ɗaure littattafai ce. Ina da ɗan shago kusa da kasuwar Samaru, inda ɗaliban jami'a ke kawo mini kundin bincikensu in ɗinke, in sa bango. A shekarun da wayar hannu ta fara cika gari ne 'yata ta fari ta gama sakandare, tana neman shiga jami'a. Lokacin kuwa an daina cika takarda da hannu, komai an mai da shi intanet: duba sakamako, rajistar jarrabawa, har ganin ko an ɗauke ka. Wanda ba shi da kwamfuta sai ya tafi kafe, wato shagon da ake haya kwamfuta. Na leƙa kafe sau ɗaya na ga yadda samari ke matse da juna, wani na leƙen allon wani, na ce 'yata ba za ta riƙa yini a nan ba. Sai na yi shawarar in sayi tsohuwar laftof, tunda wani kafe a bayan layinmu yana sayar wa maƙwabta sabis ɗin intanet ta sama, ba tare da an ja waya ba.

Muka hau bas ni da ita zuwa PZ, can Sabon Gari, inda ake sayar da kwamfuta. Wanda aka haɗa ni da shi haifaffen Sabon Gari ne, iyayensa mutanen kudu, Hausarsa ta fi tawa gudu. Kowa Injiniya yake kiransa, ni ma haka na kira shi. Muka daidaita a kan wata baƙar laftof mai nauyi kamar dutsen niƙa. Ya ce bari ya zuba mata abin da zai sa ta yi aiki, ya jawo wani faifai daga cikin tsumma, an yi masa rubutu da maka.

Na ce, "Injiniya, wannan faifan na waye?"

Ya ce, "Na kowa ne, Baba."

"Masu shi sun sani?"

"Masu shi suna can ƙasar Turawa. Ba su ma san akwai Sabon Gari a duniya ba."

Na ce ai rashin saninsu ba izini ba ne. Ya ajiye faifan ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce duk kwamfutar da ke Zariya da irin wannan faifan take aiki, har waɗanda ake buga takardun wa'azi da su, na masallaci da na coci. Na ce wannan tsakaninsu da Allah, ni dai ba zan sa abin da aka kwafa ba da yardar mai shi ba a cikin gidana. 'Yata ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta, na san kunya nake ba ta.

Can ya ce akwai wani faifan, wanda masu shi da bakinsu suka ce kowa ya ɗauka kyauta. Na ce ya nuna mini inda aka rubuta haka. Ya nuna, 'yata ta karanta ta fassara mini, sannan na yarda. Ya zuba shi, komai ya tashi lafiya, sai abu ɗaya: ya ƙi gane ɗan katin da ke cikin laftof mai kama sabis. Injiniya ya yi ta fama yana tsaki, ya ce mu dawo wani mako. Da muka dawo ya ce ya shawo kansa, amma ba za a riƙa danna hoto ana shiga ba kamar yadda sauran mutane ke yi. Sai an buɗe wata baƙar taga wadda ba komai a cikinta sai ɗan farin tsinke yana ƙyaftawa, a rubuta mata umarni harafi bayan harafi.

Ya ce, "Baba, halal ka ce kana so, to ga halal nan, baƙi ƙirin."

Ya koya mini. Da farko a tashi katin daga barci. Sannan a ce masa ya leƙa ya faɗi sabis ɗin da ke kusa, sai ya zubo rubutu mai yawa, a ciki akwai sunan kowane sabis, da wata lamba mai nuna ƙarfinsa, da ko yana da makulli. Sai a rubuta sunan wanda ake so da makullinsa, wato wasu haruffa da lambobi da mai sabis ke ba wanda ya biya. Daga ƙarshe a roƙi a ba kwamfutar lambar shiga. Yana cikin koya mini ya ce in yi hankali, a wannan tagar mutum zai iya kuskuren harafi ɗaya ya share duk abin da ke cikin laftof. Daga baya ya rantse wasa yake yi, amma maganar ta riga ta zauna mini. Na kafa doka a gida, ba mai taɓa baƙar tagar sai ni. Na haddace umarnin kamar yadda muka yi hadda a makarantar allo, ba tare da na san ma'anar ko kalma ɗaya ba, ina bugawa da yatsa ɗaya ina karantawa a fili.

Ban taɓa haɗuwa da abu mai cin rai kamar tagar nan ba. Idan ka yi kuskure sai ta zazzaga maka Turanci. Idan ka yi daidai kuwa ba ta cewa komai, sai ta sauko layi na gaba ta tsaya tana ƙyafta maka ido. Ni mutum ne da in na rufe shago sai na koma na girgiza kwaɗon, wani lokaci in kai bakin titi in sake dawowa. Yaya za a ce mini shiru shi ne alamar an yi daidai? Sai in sake buga umarnin don in tabbata, ta sake yin shiru, in fara zargin ko ta lalace. Na sha hawa bas zuwa Sabon Gari don kawai in ce wa Injiniya ba ta ce komai ba. Ya ce, "Baba, so kake ta tafa maka?" Ga mantuwa. Duk lokacin da aka kashe laftof ɗin, ko batir ya ƙare don an ɗauke wuta, sai ta manta komai, a sake daga farko kamar ba ta taɓa ganina ba. Shi kuma umarnin ƙarshe, na roƙon lamba, sai ya yi ta maimaita layi iri ɗaya yana jira, ni ma ina jira, uwar yara tana cewa tuwo ya huce.

Da haka dai muka lallaɓa har damina ta sauka. 'Yata ta ci jarrabawar farko, aka buɗe rajistar jarrabawar tantancewa ta jami'a, aka ce za a rufe ranar Juma'a, wanda bai yi ba sai baɗi. A farkon makon aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, dogon ƙarfen eriyar kafen bayan layinmu ya karye ya faɗa kan rufin wani gida. Mai kafen ya ce sai an kawo kayan gyara daga Legas. Sauran kafe na Samaru suka cika har waje. Na haɗa yarinyar da uwarta suka tafi Sabon Gari, suka yini a layi, da aka zo kanta shafin rajistar ya ƙi buɗewa saboda yawan masu nema. Aka ce musu da rana ba ya buɗewa, sai da sassafe kafin mutane su tashi.

Washegari bayan sallar asuba na buɗe baƙar taga, ko Allah ya sa an gyara. Na sa ta leƙa. Sabis ɗin kafe babu shi, amma ga wani suna da ban taɓa gani ba. 'Yata tana tsaye a kaina, ta sa yatsa a kan wani layi ta ce, "Baba, wannan ba shi da makulli. A buɗe yake."

Na ce, "Na waye?"

Ta ce ba a rubuta ba.

Na rufe laftof ɗin. Uwarta da ke bakin murhu ta juyo. "Malam, me ya faru kuma?"

Na ce sabis ɗin wani ne, ba mu san shi ba, bai ba mu izini ba.

"Wani abu za a ɗauke masa? Ƙofarsa za ka ɓalle?"

Na ce ban sani ba, kuma rashin sanin ne ya hana ni.

"To sai ka zauna da rashin saninka, yarinya ta zauna shekara guda tana taya ni wanke-wanke."

Na sake hawa bas zuwa Sabon Gari. Injiniya ya ce sunan da na gani ba sunan kowa ba ne, sunan da akwatin da ke watsa sabis ke fitowa da shi daga kamfani ne, mai shi ya jona ya bar shi yadda ya zo. Na ce to in na shiga, yana rage masa wani abu? Ya sosa kai ya ce eh to, zai ɗan ji nauyi, kuma in irin wanda ake auna masa ne zai ɗan ragu. Na ce ka ji ko. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Baba, rajista ɗaya fa! Ko akuya ta bi ta gonar mutum ta fi wannan ɓarna." Na ce ai mai akuyar ma ana kai shi gaban mai unguwa. Na tambaye shi yadda zan gano mai shi. Ya ce lambar nan mai nuna ƙarfi tana ƙaruwa in an matso kusa da akwatin. Ina jin don ya rabu da ni ya faɗa.

Haka na fito da laftof a buɗe a kan hannuwana kamar mai tallan tsire, 'yata tana riƙe mini lema saboda yayyafi. In na yi 'yar tafiya sai in tsuguna, in ɗora ta a gwiwa, in buga umarnin leƙe, in nemo lambar a cikin tarin rubutun. Ta hau, ta sauka, in juya gabas ta hau, in tsaya wuri ɗaya ma sai ta canza da kanta. 'Yan acaba suna tsayawa suna tambaya ko ma'aikacin ƙidaya ne. Kafin in kai ƙarshen layi batir ya mutu, ga ba wuta, sai na kai wa mai cajin waya a bakin kasuwa. Da na sake fitowa lambar ta kai ni wata kwana a kan hanyar Bomo, inda wani babban gidan hayar ɗalibai ya yi baya da baya da wani gida mai dogon bango da baƙin get. Mai gadin gidan ya ce mai gida ya yi tafiya, kuma shi bai san wani akwati ba sai na talabijin. A gidan hayar na bi ɗaki-ɗaki ina sallama. Wasu suka ɗauka kuɗin wuta na zo karɓa suka ƙi buɗewa. Wani dogo mai gajeren wando ya saurare ni har ƙarshe, ya dafa ƙirji ya ce, "Nawa ne, Baba. Na yafe maka duniya da lahira." Na ji sanyi, har na fara godiya, sai na ce ya nuna mini akwatin. Abokansa suka fashe da dariya. Ko rediyo babu a ɗakinsa.

Bayan la'asar na tsayar da limamin masallacin layinmu, dattijo ne mai haƙuri. Na yi masa bayani iyakar iyawata. Ya ce, "Ka san randar da mutane ke ajiyewa a ƙofar gida da moɗa a kai? Wannan duk mai wucewa ya sha, ba sai ya tambaya ba. Amma in ƙofa ce aka manta ba a rufe ba, ganinta a buɗe bai ba ka izinin shiga ba. To wannan abin naka, randa ce ko ƙofa?"

Na ce, "Allah gafarta malam, abin da na zo tambaya ke nan."

Ya ce, "To ni ma ban sani ba."

Na roƙe shi a yi cigiya, kamar yadda ake yi in an tsinci kayan wani. Ya yi jinkiri, amma ya yarda. Bayan magariba aka faɗa a lasifika cewa duk wanda ya san ya bar sabis ɗinsa na intanet a buɗe ba makulli a wannan unguwa, ya zo ana nemansa. Mai sabis bai zo ba. Waɗanda suka zo su ne ɗalibai. Kafin hantsin washegari dakalin ƙofar gidana ya cika da samari da laftof a cinya, wasu a kan katangar maƙwabcina, suna ta dannawa, su ba ruwansu da baƙar taga. Ɗaya har ya ɗago ya ce, "Baba, Allah ya saka da alheri, mun ji sanarwa." Na ce su tashi, ba nawa ba ne. Suka ce to in ba nawa ba ne, da wane iko zan kore su? Na juya na shiga gida. Ni da na fito don in kare haƙƙin bawan Allah, ni na tara masa gari.

Uwar yara ta ce, "Sannu da aiki. Kowa ya sha sai mai cigiya."

'Yata ta sake komawa Sabon Gari ranar Alhamis ta dawo da jajayen idanu, ta ajiye takardunta a kan akwati ta shiga ɗaki. Na je shago na kasa aiki, na manna bangon wani kundi a juye sai da na ɓare na sake. Na san abin da shekara guda take nufi ga yarinyar da ta yi karatu da fitilar ƙwai har idonta ya fara ciwo. Na kuma san ba zan iya buga sunan sabis ɗin nan da hannuna ba. Duka biyun na sani, kuma ba wanda ya rage wa ɗayan nauyi.

Ranar Juma'a na tafi sallar asuba, na daɗe a masallaci bayan an watse, ina fata ko wani zai dafa ni ya ce shi ne. Da gari ya yi haske na dawo. Uwar yara tana shara a tsakar gida, ta gaishe ni da ladabin da ban saba ji ba. Na shiga ɗaki na taɓa laftof, na ji ta da ɗumi.

Na fito na ce, "Wa ya taɓa?"

Ta jingina tsintsiya da bango. "Ni na sa ta. In akwai zunubi a rubuta a kaina, ina da wuyan ɗauka."

"Wa ya buga mata umarnin?"

"Wa zai buga mata? Kullum kana rera shi kamar mai tilawa, ko kajin gidan nan sun haddace."

Sai ga yarinyar a bakin ƙofa, ta kasa haɗa ido da ni. Ta ce, "Baba, an karɓi rajistar. Shafin ya buɗe." Zan faɗi gaskiya, daɗi ya rufe ni, sai da na zauna a kan turmi. Wannan daɗin kuwa shi ya fi komai ba ni haushi, don na ji shi kafin in ji komai. Na yi faɗa daga baya, amma faɗan bai yi ƙarfi ba, kuma sun gane.

Ba a jima ba, da na sa baƙar taga ta leƙa, sai na ga sabis ɗin ya sami makulli. Dakalina ya koma wayam. Na ce wa uwar yara ga shi nan, da yana so a shiga da bai rufe ba. Ta ce da ban tara masa ɗaliban Samaru ba da har yanzu yana buɗe. Kafin kaka sunan ma ya ɓace gaba ɗaya. Mutanen gida mai baƙin get suka tashi ban taɓa ganin mai gidan ba, ɗaliban gidan haya kuwa kowace shekara sababbi ne.

Yarinyar ta ci jarrabawa, ta yi karatu, yanzu tana aikin haɗa magani a asibiti, tana da 'ya'yanta. Duk sallah sai ta aiko da shinkafa da mai da shadda. Ina sa shaddar, ina cin shinkafar, ina sa mata albarka da zuciya ɗaya, amma wani lokaci ina tsakiyar loma sai in tuna ta inda aka fara. Na yi sadaka da niyyar ladan ya kai ga mai sabis. Liman, kafin ya rasu, ya ce wannan ya wadatar, in bar zancen. Na ce to. Amma sadaka daban, izini daban, kuma mutumin bai san ma an yi ba.

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan. In ka zauna Samaru a shekarun nan, tsakanin kasuwa da kwanar hanyar Bomo, a daminar da iska ta karya eriyar kafe, kuma ka san wanda ya jona akwatin sabis ya bar shi a buɗe sannan ya kulle shi daga baya, ko kai ne da kanka, ka taimaka ka aiko da bayani ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu. Ba rigima nake nema ba. Tambaya ɗaya zan yi masa, ko da gangan ya bari ko mantuwa ya yi, sannan in nemi ya yafe rajista ɗaya da aka yi da asuba, da taron da na jawo masa. In ya riga mu gidan gaskiya, a nuna mini magadansa.